Maigida, Bi Sawun Ruwan Gidanka

Ina gaishe ku, mutanen Birnin Kudu da na Gwaram, da na ƙauyukan da ke tsakani. Ku kuma da ake karanta muku wannan takarda a rumfar ɗakin magani, kuna jiran a kira ku, sannunku, Allah ya sawwaƙe.

Yau da masu gida nake magana, amma uwargida ta matso kusa, gama rabin aikin a hannunta yake.

Na yi shekara 20 da 'yan kai ina aikin ɗakin magani. Kowace shekara, da marka ta sauka, babban littafin da muke rubuta sunayen marasa lafiya yakan cika da cuta biyu, zazzaɓi da gudawa. Ta uku ita ce fitsarin jini a wurin yara maza. Cututtukan nan uku duk ta hanyar ruwa suke zuwa. Biyu na farko kuwa sau da yawa ba daga nesa suke tasowa ba, daga cikin gida ne ko bakin ƙofa. Saboda haka ga abin da nake roƙonka, maigida. Kafin ruwa ya sauka, ka sami safiya guda ka bi sawun ruwan gidanka da ƙafarka, daga inda ake ɗebo shi har ya shiga bakin ɗanka, sa'an nan daga wurin wanka har inda ya je ya kwanta.

Mu fara da rijiya. In tana cikin gidanka, tsaya a bakinta ka auna taku zuwa masai, watau shadda. Abin da ake so shi ne mita 30, kimanin taku 40 na babban mutum, rijiya ta tudu, masai ta gangare. Ba naka kaɗai za ka auna ba, har da na maƙwabci, don ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Na sani a cikin gari, inda gidaje suke manne da juna, taku 40 ba ya samuwa. To, mai irin wannan rijiya ya bar ta ga wanki da wanka da ban ruwan shuka. Ruwan sha kuwa a ɗebo a famfon burtsatse, ko kuma a dafa shi.

Kada wani ya ce wannan sabon fi'ili ne na malaman asibiti. A shekarar 1854 cutar amai da gudawa, wadda ake kira kwalara, ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan na ƙasar Ingila, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana tambaya inda mamatan suke shan ruwa. Ya tarar yawancinsu famfo ɗaya suke ɗiba, na titin Broad Street. Ya roƙi hukuma, aka cire hannun famfon. Daga baya da aka tona, sai aka ga ramin ƙazanta na wani gida bai fi taku biyu daga rijiyar famfon ba, yana tsiyaya a ciki. Ruwan kuwa garau yake, har akwai masu yabon daɗinsa. Ido ba ya gane ruwan cuta. Mu ma a nan mun ga kwalara a shekarar 2021, sa'ad da aka ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Jihar Jigawa tana cikin waɗanda abin ya fi tsanani.

Bakin rijiya a ɗaga shi da gini zuwa ƙugu, a yi masa daɓe kewaye mai gangarawa waje, a sa murfi. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya ga yadda ruwan hanya yake kwaso kashin dabbobi da na mutane ya juye cikin rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa. Murfin kuma yana tsare yaro mai rarrafe. Guga ya zama ɗaya, na rijiyar, in an gama a rataye shi da igiyarsa, kada su kwana cikin taɓo.

Amma da za a tambaye ni inda ruwa ya fi ɓaci, sai in ce a randa.

Wata shekara wata mata ta yi ta kawo mini ɗanta ɗan shekara 2. Gudawa ta tsaya ta dawo, har sau huɗu cikin wata biyu, yaro ya rame sai idanu. Na zargi rijiya, ta ce su a burtsatse suke ɗiba. Ran nan sai na nemi izinin maigidanta na je gidan. Muna zaune a tsakar gida sai ga wan yaron ya fito daga masai, ko buta bai taɓa ba. Ya ɗauki moɗa a ƙasa inda kaji suke kiwo, ya cusa hannu cikin randa har gwiwar hannu, ya sha, ya mayar da sauran a ciki. Ba wanda ya ce masa uffan, gama kowa a gidan haka yake yi. Ruwa mai kyau aka ɗebo, a gida aka ɓata shi. Ban faɗi wannan don in kunyata kowa ba. Da na koma gida na duba tawa randar, moɗarmu ma na same ta a kan murfi, ƙudaje suna yawo a bakinta.

Gyaran ba wuya. Randar sha ta zama daban da ta wanke-wanke, a ɗora ta a kan ɗan gini, a rufe ta da murfi mai zama daidai, ba faifan da ya yage ba. A nemi moɗa mai dogon mariƙi, yadda hannu ba zai taɓa ruwa ba, a rataye ta a ƙusa. Da ita ake ɗiba, ba da ita ake sha ba, kowa ya zuba a kofinsa. In za a zuba sabon ruwa, a juye tsohon, a cuɗe cikin randar, kada a yi ta ƙari bisa ƙari har ƙasanta ya yi santsi. Jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo sun fi randa tsaro, ko da yake ba su kai ta sanyi ba. Sai dai jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi na gona, ko an wanke ta sau 10, ba ta ruwan sha ba ce. A huda ta, don kada wani ya tsinta.

Waɗanda suka kai shekaruna sun san kurkunu. Sun ga manomi kwance a rumfa daidai lokacin noman fari, ƙafa ta kumbura, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan kaɗan har makonni, gona kuwa ta zama ta ciyawa. Da aka yi ƙidaya a shekarar 1988, an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Mai kurkunu na ƙarshe an same shi a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Ku lura, kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Da ƙyallen tace ruwa aka kore shi, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon shiga kududdufi. Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta zagaya ƙauyuka yana wannan kira. Matan ƙauye da ƙyallensu a bakin tulu, su suka yi aikin.

To, amma tata ba ta isa ga gudawa ba. Ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu ido yana iya ganinsa, shi ya sa ƙyalle ya tare shi. Ƙwayoyin gudawa da kwalara da taifot sun fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Alam ko dakakken ƙwayar zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi haske, amma ba su kashe cuta duka. Abin da ke kashewa shi ne a dafa ruwa ya tafasa yana ɓulɓula na minti 1, ko a ɗiga masa maganin kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Na san tsadar itace. In ba za a iya dafa wa gida duka ba, a dafa wa yara ƙanana da mai jego da marar lafiya. In kuwa aka ji amai da gudawa sun shigo gari, a dafa wa kowa.

Maganar masai ba zan tsawaita ba. A watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa ita ce jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili, kuma ku kuka yi wannan aiki. Sai dai damina tana rushe masai, wanda nasa ya rufta ya sake haƙa, kada a koma bayan gari. Ramin ya sami murfi, a riƙa barbaɗa toka, buta da sabulu su zauna a bakin ƙofa. Kashin jariri ma a zuba shi a masai. Masu cewa na jariri ba ƙazanta ba ne sun yi kuskure, cutar da ke cikinsa ba ta gaza ta babba ba.

Yanzu sai ka juya, maigida, ka bi ruwan da ya fita daga wurin wanka da wurin wanke-wanke. A gidaje da yawa yana bi ta makwarara a gindin katanga, ya fita lungu, ya kwanta nan ya yi baƙi. Ɓarna biyu yake yi. Ta farko, yana cin gindin gini. Katangar ƙasa ba daga sama take faɗuwa ba, daga ƙasa take jiƙa har ta zauna. Kowace damina muna jin labarin ɗaki ya faɗa wa mutane suna barci. Kafin ruwa ya sauka a yi yaɓe, a gyara indararo ya riƙa zubarwa nesa da bango, a tara ƙasa a gindin gini yadda ruwa zai gangara waje. Ɗakin da bangonsa ya tsage ko ya jiƙe har ƙugu, kada a kwantar da kowa a ciki daren da ake ruwa, ko da za a matsu a zaure.

Ɓarna ta biyu sauro. Sauro a kan ruwa yake yin ƙwai. Ƙwan ya ƙyanƙyashe 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil da kuke gani a kasko, cikin kwana 7 zuwa 10 na lokacin zafi sun yi fiffike sun tashi. Wannan lissafi shi ne makaminka. In kana zagaya gida sau ɗaya a mako kana kifar da duk abin da ya tara ruwa, ba su samun kwanakin da za su cika. Zaɓi rana ɗaya, ko Jumma'a da safe ko ranar kasuwarku, don kada ka manta.

Sauro ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin wannan yana da amfani. Mai damun ku da kuka a kunne, mai tasowa daga baƙin ruwan makwarara da masai, ba shi ne ya fi kawo zazzaɓi ba. Mai dabbare-dabbare, mai cizo da rana, yana son gwangwani da fasasshen tulu da tsohuwar tayar mota da aka ɗora bisa rufi, shi ne mai kawo cutar shawara mai sa ido rawaya. Mai zazzaɓi kuwa cikin dare yake cizo, in ya sauka a bango sai ya ɗaga gindinsa sama. Shi ruwa mai ɗan haske yake so, marar zurfi, wanda rana ke duka: sawun shanu a bakin rijiya, sawun mota a hanya, ramin da aka ɗebi ƙasar yaɓe aka bari. Mutanen Birnin Kudu su ƙara da kwarmin duwatsu, gama dutsen da ke bayan gida yakan riƙe ruwan sama kwana da kwanaki. A cike irin waɗannan da yashi ko tsakuwa.

Har yanzu ina jin masu cewa sabuwar masara ko ɗanyar gyaɗa ke kawo zazzaɓi. Lokacinsu ne ya zo ɗaya da lokacin sauro, shi ke nan. Tun shekarar 1897 wani likita, Ronald Ross, ya ga ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a ƙasar Indiya.

Babban kududdufi ya fi ƙarfin mutum ɗaya, wannan maganar mai unguwa ce da aikin gayya. Sauro kuma yana iya tasowa daga nesa, don haka duk tsabtar gidanka gidan sauro tilas ne, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma kowane dare. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. Maganin da ma'aikata ke bi gida gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina, a karɓa, a ba yaro na kwana ukun duka. Kududdufin nan dai, da gefen kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram ya nufi Jama'are, nan yara ke ɗauko tsargiya. Tsutsarta tana girma cikin katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, cuta ce, in ta daɗe tana ɓata mafitsara. Akwai ƙwayar maganinta, a kawo yaron.

To, ina za a kai ruwan wankan? Hanya biyu ce. In ba fili, a haƙa rami zurfin ƙugu, nesa da rijiya, nesa da bango, a cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama, a kai makwarara cikinsa. Ƙasa za ta shanye ruwan, ba abin da zai kwanta a fili. Dutse kuwa a ƙasarmu ba saye ake yi ba. Ruwan wanki mai omo da yawa a can ya kamata ya tafi, don yana ƙone shuka.

In akwai ɗan fili, ko taku 5 ne, hanya ta biyu ta fi. A ja 'yar hanyar ruwa daga wurin wanka zuwa wani lungu na gida, a yi kwari kamar faɗin tabarma, a dasa ayaba ko gwanda a ciki, zogale a gefe. Ayaba mashayiya ce, ruwan wankan gida guda ba ya kwana a gabanta. Zogale ko reshensa ka yanka ka kafa zai kama, cikin 'yan watanni ana tsinkar ganye, kuma in ana datse kansa yakan yi rassa a ƙasa inda hannu zai kai. A makarantar da na yi kowane ɗalibi yana da kunyarsa ta lambu a bayan ɗakin kwana, ruwan wankanmu muke ba ta. A lokacin horo muka ɗauke shi. Yanzu gwandar da ke gidana ta wannan hanya take sha.

Amfanin wannan a bazara yake bayyana, da farkon damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, miya ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa kullum. Lokacin nan ne muke ganin yara masu dundumi, waɗanda da magariba ta yi sai su kama laluben bango, da mata masu ciki da tafin hannunsu ya yi fari don ƙarancin jini. Dundumi rashin sinadarin bitamin A ne, shi kuwa yana cikin ganyen zogale da alayyafo, da kabewa, da nunanniyar gwanda, da manja. Jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai da ɗan maiƙo, don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, yadda iyayenmu mata suke yi, daidai yake. In za a shanya ganye don ajiya, a shanya a inuwa, rana tana cinye amfaninsa. Da damina a ƙara da rama da yakuwa da kuɓewa a gefen danga, kabewa ta hau rumfa.

Amma fa a kiyaye. Ruwan wanka a gindin itace ake zuba shi, ba a kan latas ko tumatir ko wani abin da ake ci ɗanye ba. Ruwan da aka wanke wa yaro kashi, ko aka wanke tsummansa, masai za a kai shi. Taki ya zama wanda ya ruɓe ya huce. Sa'an nan akuya, ita ce babbar abokiyar gabar lambun gida. A kewaye da kara ko ƙaya. Na sha ganin sabon gidan sauro an kewaye tumatir da shi, yara kuwa suna kwana a fili. Wannan ciniki ne na hasara.

Saura abu ɗaya, don ko an yi duk wannan wata rana yaro zai yi gudawa. Abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, kuma yakan yi sauri. A ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a gida tun kafin bukata, a kaɗa shi cikin ruwa gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami dafaffen ruwa lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali, a motsa. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan da cokali, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Kada a hana shi nono ko abinci. A ɗakin magani za mu ƙara masa ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

In kuwa idanunsa suka faɗa, ko maɗigarsa ta loma, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a kashin, ko kashin ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, kada a jira gari ya waye. Haka nan yaro mai zazzaɓi, a kawo shi a gwada jininsa a ranar da ya fara, in kuwa ya yi jijjiga ko barci ya danne shi ba ya tashi, a taho ko tsakar dare ne. Abin da ya fi ƙarfinmu za mu ba ku takarda zuwa babban asibiti, a Gwaram ko asibitin tarayya na Birnin Kudu. A taho da katin yaron.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar ajiyar wake da hatsi, da haɗarin ajiye maganin ƙwari a ɗakin kwana. Ku huta lafiya.